Bangon da Yaya Isiyaku Ya Zuba

Shekara takwas ke nan da Allah ya karɓi ran yayana, Isiyaku magini. Ni tela ne, rubutu ba sana'ata ba ce, amma bana abin ya tsaya mini a rai har na kasa yin shiru.

Ɗaki ɗaya babba mahaifinmu ya bar mana a Tudun Wada. Da muka zo raba shi, Yaya ya ce bangon ƙasa zai cinye mana wurin gado guda. Sai ya dinga zuwa tashar jirgin ƙasa da jaki, yana kwaso ƙonannen kwal da ake zubarwa. Ya farfasa shi, ya kwaɓa da siminti a maimakon tsakuwa, ya shimfiɗa ragar waya cikin katako ya zuba. Abin da ya fito alluna ne masu kaurin yatsa biyu, mutum biyu su ɗauki ɗaya ba ko nishi. Magina suka yi masa dariya har suka gaji, suka raɗa wa abin suna bangon faifai. Ni ma na taya su, don ban taɓa ganin mai hankali yana roƙon toka ba.

Bangon ya tsaya daram, sai dai ba ya ɓoye sauti. Matarsa ta rasu, tawa ta fita, ɗansa Sani yana hannun yayarmu a Gyallesu, mu biyu muka rage. Ina jin tarinsa, yana jin kekena. Da asuba ya ƙwanƙwasa, in amsa. Har faɗa mun sha yi a kwance, kowa a ɗakinsa. Bayan rasuwarsa aka kulle nasa ɓangaren, na daɗe ina yin magana in tsaya jiran amsa.

Da zai ga unguwar nan yau, ko'ina bulo da kwano, ga manyan gine-gine suna tashi a can unguwar Kongo, na san zai zagaya yana ƙwanƙwasa bangon mutane, ya ce ana binne siminti a banza. Har yanzu ba wanda ya kwaikwayi aikinsa.

Bana Sani ya tashi aure, kuma a ɗakin ubansa zai ajiye amarya. Na yi murna ƙwarai, na ce ko ba komai zan sake jin motsin mutum. Sai yayarmu ta zo, ta yi ta kewaye-kewaye kafin ta fito da maganar.

"Yaron ba zai iya faɗa maka ba," in ji ta. "Kai ne ubansa yanzu. Ta yaya zai yi hira da matarsa kana ji?"

Gaskiya ta faɗa, kunya ba ta bar mana wata hanya ba. Ni da Sani muka kwance allunan, ba wanda ya kalli ɗan'uwansa. Ko allo ɗaya bai tsage ba. Aka ja bangon bulo mai kauri, shi kuma ya harhaɗa allunan a tsakar gida ya yi wa matarsa madafa.

To, aikin Yaya yana nan yana amfani, ɗansa kuma yana kwana a inda ya kwana. Na gode wa Allah, amma kaɗaicin ya fi na da. Yayarmu ta ce yarinyar akwai yawan dariya, idan ta fara har sai Sani ya roƙe ta. Na yarda da ita. Ni dai ban taɓa ji ba.