Hannun da Bai Kai Kunne Ba

Ni guntu ne. A kasuwar Sandamu in na tsaya bayan buhun gero, sai dai a ji muryata. Alhali a gidanmu ba a gaji gajarta ba, babanmu sai ya sunkuya yake shiga zaure. Ni dai na san inda tsawona ya tafi: cikin yayana ya shige.

Kwano ɗaya ake zuba mana tuwo, ni da shi. Ya girme ni da shekara uku, ga hannu kamar ludayi. Kafin lomata ɗaya ta huce ya kai huɗu. In an dace da tsoka a miya, ta babba ce. Ƙwai kuwa a ƙauyenmu ba a ba yaro, wai zai tashi ɓarawo. Yayana ake aika ya tsinto ƙwan zabinmu a kai kasuwa, shi kuma sai ya laɓe bayan rumbu ya shanye biyu ɗanye. Da na ce zan faɗa, ya ce zai rantse ni ne.

Shekarar da aka zo ɗibar yara firamare, malamin ya jera mu a ƙofar gidan mai gari. Ba ruwansa da takardar haihuwa. Kowa ya ɗora hannun dama ta saman kai ya taɓo kunnen hagu, wanda ya taɓo ya isa boko. Na miƙa, na karkace wuya, har da nishi. Malamin ya ce, "Ka dawo baɗi."

Yayana na gefe, ya ce, "Malam, sai dai a ɗago masa kunnen." Har mai gari ya yi dariya.

Sau uku ina dawowa baɗi. Da hannun ya kai, sai ga ni aji ɗaya da waɗanda na goya. Shekara biyu na daure, na gudu kiwo. Karatuna ke nan kakaf.

Yanzu ni da yayana mun tsufa, katanga ɗaya ta raba gidajenmu. Ina da zabi, nasa kuwa ciwo ya kwashe. Kullum da safe kafin jikata ta tafi makaranta nake dafa mata ƙwai, in zaunar da ita a ƙofar gida, daidai inda yake shan hantsi.

"Ɓarauniya kake raino," in ji shi.

"Yaya, kai da ka sha na sata ma, ga ka a sahun gaba a masallaci. Ci abinki, amaryata."

Bana ma'aikatan lafiya suka zo makarantarsu awon yara. Jikata ta wuce lafiya. Jikan Yaya, sa'anta, aka ce tsawonsa bai kai na shekarunsa ba, a riƙa ba shi ƙwai da wake da nono. Na ga yaron a hanya, wando na jan ƙasa. Kamar ni sak. Abin ya tsaya mini a rai, amma ban nuna ba.

Bayan la'asar sai ga Yaya da sallama. Ya yi ta zancen damina, can ya ce, "Ƙanena, zabin nan naka suna zubawa kuwa?"

"Suna zubawa. Amma nan gidan sai an yi gwaji. Ɗora hannu ka taɓo kunne."

"Ka girma mana."

"Ai kai ka hana."

Na san sanyin ƙashi ya riƙe masa kafaɗa. Ya duba ko akwai mai kallo, ya cire hula, ya ɗaga hannu. A tsakiyar kai ya maƙale, yana nishi. Shekara sittin ina jiran nishin nan.

Na ce, "Ka dawo baɗi."

Ya mayar da hula ya fita. Na bar shi ya kwana da maganar.

Washegari na tura jikata ta kira yaron. Tun daga ranar ƙwai biyu nake dafawa, kowa da kwanonsa, a ƙofar gida, daidai inda Yaya ke shan hantsi. Shi dai ko ɓawon ban taɓa miƙa masa ba.