Muryar Ɗan Ƙwalele

Har yau ban manta da ranar da Daraktan shirye-shirye ya kira ni ofishinsa kan maganar Ɗan Ƙwalele ba. Wata Laraba ce cikin damina, saura mini wata biyar in yi ritaya daga gidan talabijin ɗin nan. Ni ne mataimakinsa, ko da yake na girme shi nesa ba kusa ba.

Ku yaran yanzu a waya kuka san Ɗan Ƙwalele, to bari in yi muku bayani. Ɗan tsana ne mai siffar bunsuru, da tsohon bargo aka ɗinka shi, gemunsa na zaren buhu. Duk yammacin Asabar yake fitowa a shirin yara yana shara ƙarya, yara suna kama shi, shi kuma ya hau rantse-rantse. Ni ne mai shirya shirin, kuma kai tsaye muke yi. Ana rufe teburi da baƙin yadi, mutum ya shiga ƙarƙashi ya durƙusa, ya zura hannu cikin ɗan tsanan ya ɗago shi, yana magana da siririyar murya. Kyamara ba ta sauka ƙasa da bakin teburi. Rabin awa cur, ga zafin fitilu ga zafin Sakkwato. In mutumin ya fito, rigarsa sai an matse.

Mutumin da ke shiga ƙarƙashin teburin nan, zan kira shi Malam Haliru. Ba sunansa ba ne, unguwarsa da aikinsa na takarda ma na sauya su, don haka kada wani ya wahalar da kansa da bincike. Ɗan gidan malamai ne. Mahaifinsa yana ganin yin surar abu mai rai bai halatta ba, balle a ce ɗansa ne ke cikinta yana kukan akuya. A gida, mai kula da fitilu suka san shi. Tun ranar farko ya nemi alkawarin ba za mu taɓa faɗin sunansa ba, mu biyar muka ɗaukar masa. Cikin sunayen ma'aikata da ke hawa a ƙarshen shiri, nasa yana wajen fitilu. Wajen bunsurun kuwa mukan rubuta, "Ɗan Ƙwalele: shi da kansa."

Shirin ya mutu da aka fara kama tashoshin waje. Shekaru suka ja, abokan alkawarina huɗu duk suka riga mu gidan gaskiya. Sai wata sabuwar ma'aikaciya ta tsinto kaset uku da gara ba ta ci ba, ta yanko guntaye ta sa a intanet. Abin ya ba ni mamaki. Magidanta masu furfura suna tura wa juna, iyaye mata suna nuna wa 'ya'yansu, wani likita daga unguwar Arkilla ya rubuto cewa ya yi kuka a mota. Tambayar kowa ɗaya ce: wane ne mai muryar?

Shi ya sa Darakta ya kira ni. Ya ce, "Malam Garba, kai kaɗai ka san mutumin ga. Ka zaka muna da shi mu karrama shi gaban jama'a."

Na ce, "Ranka shi daɗe, sai na tambayo shi."

Na same shi a Unguwar Rogo, kwance a ɗaki, gwiwoyin sun daina ɗaukarsa. A tsakar gida jikokinsa sun taru kan waya ɗaya suna kwaikwayon rantsuwar Ɗan Ƙwalele, suna tuntsira dariya. Shi kuma yana saurarensu daga ɗaki. Da na faɗa masa abin da ke tafe da ni, sai ya girgiza kai.

"Garba, tsohona ya tahi kabari shina ɗauka fitila nika gyarawa. Abin da ban hwaɗa mai ba, ba ni hwaɗa ma duniya."

Na ce, "To ɗiyanka fa? Ko su kaɗai?"

Ya ce, "Su ma. Ka riƙe mini."

Gaskiya raina ya ɓaci, na fito ko sallamar kirki ban yi masa ba. Mutum ya ƙarar da gwiwoyinsa don 'ya'yan mutane, ga godiya ta biyo shi har ƙofa, ya ce a rufe. Darakta ma bai ji daɗi ba. Ya ba ni takardar neman bahasi, wato in rubuta dalilin ƙin bin umurni. Na rubuta layi ɗaya, na ce amana ce. Aka yi shirin tunawa da Ɗan Ƙwalele, aka sa wani saurayi yana kwaikwayon muryar, masu kallo suka yi ta bugo waya suna cewa wannan ba shi ba ne.

Bayan wata biyu Malam Haliru ya rasu. Ranar sadakar uku, da mutane suka ragu, babban ɗansa Nasiru, malamin makaranta a Mabera, mai shekara arba'in da 'yan kai, ya matso kusa da ni a kan tabarma.

"Baba, akwai abin da nika son tambayarka. Muna ƙanana, Asabar ba ta wuce mu. Na sha tambayar marigayi wa ad da muryar Ɗan Ƙwalele, sai shi ce shi fitila yaka kallo. Yanzu ɗiyana ma sun kamu. Ina son in kai su su gaishe shi, in ce mai mun gode."

Na dubi ƙofar ɗakin da aka fito da gawar, na dubi yaron. Kalma ɗaya ta isa, kuma babu wanda ya rage da zai ce na saɓa.

Na ce, "Ya rasu, Nasiru."

Ya yi salati. "Yaushe? Da mun jiya da mun tahi gaisuwa. Shina da iyali?"

"Shina da."

"Allah shi ba su haƙuri," in ji shi. Ya ɗaga hannu ya yi wa mutumin addu'a mai tsawo, ni kuma ina cewa amin, hawaye na sauka kan gemuna. Ya ɗauka na mahaifinsa nake yi, har yana ba ni haƙuri.

Abin da na koya shi ne, aikin nan namu da ake gani na nunawa ne, akwai ɓoyewa mai yawa a cikinsa, kuma ba kowa ke iya karɓar godiyar da ya cancanta ba. Ku yi hattara da alkawarin da kuke ɗaukar wa abokin aiki kuna matasa, don mai shi yakan mutu ya bar ku da shi. Ba zan ce muku na yi daidai ba, ni ma ban sani ba. Duk Sallah Nasiru yakan kawo mini yaransa gaisuwa, kuma kafin ya tashi sai ya tambaye ni ko na tuna gidan iyalin mutumin, yana so ya kai musu ta'aziyya. Nakan ce masa ina kan nema.