Maganin da Babu Shi a Kemis

Ko da komai na zamanmu kusa da Taloka zai goge daga kaina, ba zan manta da ranar da na tsaya gaban mai kemis a kasuwar Goronyo ba, da 'yar takarda a hannu, ina masifa sai ya sayar min da maganin da ba shi da shi. Yau in na tuna dariya nake yi. Ran nan kuwa, wallahi, ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Kafin a yi dam ɗin Goronyo, rani lokacin hutunmu ne mu mata. Da an zuba gero a rumbu, maza sun tafi cin rani, sai mu baje. A yi kitso, a ƙunsa lalle, a tafi Wurno ko Rabah ganin dangi a share mako biyu babu mai nemanka. Da ruwa ya fara biyo magudanai, sai fadama ta yi kore shar a tsakiyar rani. Ga albasa, ga tafarnuwa, ga shinkafa. Maza suka daina tafiya, har baƙi 'yan ƙwadago suka cika mana gari. Alheri ne, ba na musu. Sai dai babu wanda ya lura cewa ruwan nan ya tafi da hutunmu.

Gidanmu yana bakin hanyar da ke gangarawa gonaki, don haka na kafa rumfa a ƙofar gida ina sayar da shinkafa da wake da mai da yaji. Tun asuba nake hura wuta, tukunya biyu manya, kwana bakwai a mako. Tsallaken hanya kuma akwai wata dattijuwa mai dambu, kowa Gwaggo yake ce mata. Gaisuwa muke yi sama-sama, amma kowace idonta na kan rumfar 'yar'uwarta. In na ga mutum uku sun tsaya wurinta, sai in ƙara buɗe murfin tukunya don ƙanshi ya tsallaka. Na tabbata a raina duk ranar da na rufe, to ta kwashe min mutane ke nan har abada.

Abin da ban cika son faɗa ba shi ne, sau biyu ina ɓari, kuma duk a bazara. Shekarar da abin ya faru ina da ciki na uku, wata huɗu. Maigidana ya yi magana har ya gaji. Ni kuwa da taurin kai aka haife ni, sai in ce masa ai zafin wuta bai taɓa kashe mace ba. Wata rana da hantsi, ina tsame wake, na ga rumfar tana juyawa. Ban farka ba sai a kan amalanken jaki, maigidana yana tafe yana kora yana salati.

A ɗan asibitin da ya kai ni akwai wata ma'aikaciya Kirista, 'yar wajen Filato, muna ce mata Sista. Doguwa ce mai wushirya, Hausarta daban da tamu. Mu ce "mi", ta ce "me", wani lokaci ma ta kira mace da "kai", mu yi ta dariya, ita ma ta taya mu. Ta auna ni, ta saurari cikin, ta tambaye ni kwana nawa nake aiki a mako. Na ce duka. Ta ajiye abin awon ta dube ni.

"Yaron nan yana nan da rai," in ji ta, "amma in ba ki huta ba, zai bi 'yan'uwansa."

Na ji maganar har cikin ƙashina, amma bakina bai bari ba. Na ce, "Sista, hutu na masu albashi ne. Ni dai rubuta min magani mai ƙarfi in sha in koma bakin tukunyata."

Ta jawo littafinta. Sai ta yagi takarda ta yi rubutu, ta ninke, ta ce in kai kemis ran kasuwa, maganin yana da tsada amma babu kamarsa. Ni ban yi boko ba, maigidana ma haka. Na ƙulle takardar a bakin zane kamar laya.

Ran kasuwa na isa kemis, wurin cike da mutane. Na miƙa wa mai kemis ɗin, wani dattijo mai tabarau. Ya karanta, ya ɗago ya dube ni, ya sake karantawa.

"Ɗiyata, wanga magani babu shi nan."

Na ce ya duba da kyau, ko na Sakkwato ne a aiko min.

"Ko Sakkwato babu shi."

Nan fa raina ya ɓaci. Na ce in yana ganin ban iya saye ne ya faɗa min, ba raini na zo saye ba. Mutane suka fara juyowa. Sai ya gyara tabarau ya ce to in saurara, ya karanta da ƙarfi yadda kowa zai ji: "Hutu, kwana biyu kowane mako, daga yau har ruwan sama ya sauka. Ba hura wuta, ba ɗaukar tukunya. A sha da ruwa mai yawa, a inuwa."

Wayyo Allah! Wurin ya kaure da dariya. Wani ya ce shi ma a auna masa na kwana uku. Na fizge takardata na juya, ido ya cika da hawaye, sai na yi kiciɓis da wanda na fi ƙin ya gani a duniya: Gwaggo mai dambu, riƙe da kwalbar man zafi. Ita kaɗai ce ba ta yi dariya ba.

Washegari da safe ina jera itace sai ga ta ta tsallako hanya, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta zauna kan turmi tana dafe da ƙugu.

"Ke, mi kika tsoro? In kwashe miki mutane?"

Na sunkuyar da kai.

"To ni ma abin da nika tsoro ke nan. Shekara ukku bayana na ciwo, ban rufe ba don ke. Ashe junanmu muka kashewa." Ta nuna cikina da haɓa. "Talata da Jumma'a ki kwanta, in ciyar da naki da nawa. Litinin da Alhamis ni kwanta, ki ciyar da su. In ruwa ya sauka kowa ta koma yadda ta saba."

Na ce, "Gwaggo, in sunka saba da dambu fa?"

"Wa ka cin dambu kwana bakwai, don Allah? Ko ni mai yin shi ban iyawa."

Talatar farko ban san yadda ake hutu ba. Na shimfiɗa tabarma gindin darbejiyar tsakar gida, na kwanta, na tashi, na leƙa ta katanga ina ƙirga masu tsayawa wurinta. Da azahar ta yi sai barci ya ɗauke ni, irin wanda rabona da shi tun ina gidan iyayena. Na farka na ji kukan kurciya da ƙarar injin ban ruwa can nesa, iska ta kawo warin albasa daga fadama. Ina kwance haka na ji abu ya motsa a cikina, karon farko. Na dafe wurin na yi ta kuka ni kaɗai. Da Laraba ta yi kuwa mutanena suka dawo, har da masu ƙorafin dambu ya shaƙe su.

Haka muka yi duk bazara, shekara da shekaru, har mai ƙosai da mai fura suka shigo tsarin. Ranakun hutun nan su suka dawo mana da kitso da lalle da hira. Na haifi 'yata ana cikin girbin gero. Gwaggo ce ta yi mata wankan farko. Sista an mayar da ita garinsu kafin yarinyar ta yi tafiya, ban ƙara ganinta ba, kuma har yau yana damuna da ban yi mata godiya yadda ta kamata ba. Gwaggo ma ta riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙanta.

Bazarar da ta wuce na je Wurno wurin 'yar tawa, inda take da shagon ɗinki. Na same ta da tsohon ciki, ƙafa a kumbure, tana taka keke cikin zafin nan. Na ce ta rufe kwana biyu a mako. Ta ce, "Inna, in na rufe, masu ɗinki su koma wani shago." Kai, jini ba ya ɓuya! Na kwance bakin zane na miƙa mata takardar Sista da ban taɓa rabuwa da ita ba, ta yi ja, ninkin duk ya tsage. Na ce ta kai kemis. Ita ta yi boko, don haka a tsaye ta karanta. Ta fara dariya, sai ta tambaye ni ta wace ce. Na ce tata ce, tun kafin ta zo duniya aka rubuta mata. Ta daɗe tana kallon takardar, sannan ta tashi ta rufe keken da zane.

Abin da na koya ke nan: masu saye suna dawowa ran Laraba, amma akwai abin da in ya tafi ba ya dawowa. Biyu sun tafi kafin in gane, ta ukun ce ta tsaya ta karanta min takardar.