Goron da Malam ke kaiwa in an ci mu

Shekara tara ke nan da Malam ya riga mu gidan gaskiya. Ban kira sunansa yana raye ba, ba kuwa a jarida zan fara ba. Ƴan ƙasarmu na Lyon a Faransa da laƙabin Antirenar, wato mai koyar da ƙwallo, suka san shi, mutumin Damagaram mai aiki a masana'antar Saint-Fons, wanda in ya tashi aiki sai ya rataya usur a wuya ya nufi filin ƙwallo wajen yaran unguwa. Ni ban shiga boko ba, ɗiyarmu Hadiza ke riƙe da biro, amma maganar tawa ce, kuma ba a taɓa kama ni da ƙara gishiri a labari ba.

Abin da ya fama mini mikin bana shi ne halin da ƙungiyarsa take ciki. An kai tsakiyar kakar wasa, yaran na can ƙasa, kowa ya zo sai ya ci su. Mai riƙe da su yanzu Bashir ne, wanda ya tashi a hannun Malam yana tsaron gida. Magoya baya sun sa shi gaba a waya. Har na Montreuil da Saint-Denis can wajen Paris, da ba su taɓa taka filinmu ba, sun zama gwanaye. Dama dokin mai baki ya fi gudu. Ran Juma'a Bashir ya zo gaishe ni, ya ƙi hawa kujera, ya ce, "Inna, zan ajiye usur ɗin nan. Na gaji." Na kuwa san in ya ajiye babu mai ɗauka, yaran za su koma zaman gindin bene, inda Malam ya tsinto yayyensu.

Shi ma Malam ya ga irin wannan shekara. Amma yana da wata al'ada da ban taɓa jin wani mai koyar da ƙwallo da ita ba. Duk sa'ad da aka ci su, washegari sai in jiƙa masa goro in naɗe a tsumma, ya ɗauka ya tafi gidan yaron da ya fi yin kuskure. Wajen uban yake zuwa, ba wajen yaron ba. Ya san halin mazanmu: uba zai ji a ƙofar masallaci an ce ɗansa ya ba da kunya, ya dawo gida ya ce ƙwallo shashanci ne, daga yau an daina.

Mutane suka yi ta dariya. Akwai wani Alhaji Sani, ɗan kasuwa da ke sauko mana daga Paris da kaya, ya tare shi a bakin fili gaban jama'a ya ce, "Malam, kai antirenar ne ko mai yawon ta'aziyya? Mai tsaron gida za ka canza, ba goro za ka raba ba!" Malam ya dube shi ya ce, "Alhaji, ta'aziyya ai sai an rasa ake yin ta. Ni tun ba a rasa ba nake zuwa."

Mai tsaron gidan nan Bashir ne. Ubansa ya riga ya rantse ya raba shi da fili. Malam ya hau benensu da ƙafa, ga ƙirjin da hayaƙin aiki ya cinye, ya zauna ya yi gaisuwa mai tsawo, ya tambayi aiki, ya tambayi mutanen garinsu Tawa da damina, bai ambaci ƙwallo ba sai da ya miƙe. Sannan ya ce, "Ɗanka yana tsayawa inda manya ke kaucewa. A bar mini shi." Ba zan ce muku sun ɗauki kofi a shekarar ba, don ba su ɗauka ba. A ƙasa suka gama. Amma yaro ko ɗaya bai ɓace masa ba.

Nakan tambayi kaina me Malam zai ce da ya ga yau. A zamaninsa zagi a bakin fili yake ƙarewa, kowa ya tafi gida. Yanzu yana bin mutum har cikin aljihu, ya tashe shi da safe. Ina jin da ya girgiza kai, don bai taɓa yarda da maganar da ba a dubi idon mutum an faɗa ba. Sai dai na tabbata da ya san ƙofar da zai buga.

Ban yi wa Bashir wa'azi ba. Na tambaye shi wa ya fi shan zagi cikin yaransa. Ya ce Isufu, mai tsaron gida, kuma ubansa ya hana shi zuwa. Na tashi na ɗauko goro a tsumma na ɗora masa a cinya. Ya daɗe yana kallonsa, ya ce, "Inna, iyayen yanzu ba su cin goro." Na ce, "Naka uban ma ba shi da haƙoran cinsa, amma da hannu biyu ya karɓa."

Ran Lahadi Hadiza ta kai ni fili. Usur na wuyan Bashir. Isufu na tsakanin ƙarafa, ubansa na tsaye a bayan raga da hula, yana yi masa tsawar da ba ta da amfani. An sake cin mu, masu waya kuma ba su yi shiru ba.

Malam bai bar kofi a ɗakina ba, ba a kuma sa sunansa a bangon kowane fili ba. An ce alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Da aka tashi, Bashir ya zo ya durƙusa a gabana ya ce, "Inna, gobe ma a jiƙa mini." Allah ya jiƙan Malam, ya haskaka makwancinsa. Goro na nan a jiƙe.