Baba Mai Fitila, Wanda Ya Hana Ni Sayar da Kekena

Ranar Laraba, sha huɗu ga watan Mayu, da hantsi, ina cikin goge gilashin kyamara babban ɗanka ya kira ni ya ce ka cika. Daga Allah muke, gare shi kuma komawarmu take. Na ajiye wayar, sai na lura duk abin da ke tsaye a ɗan shagona, in ban da kyamarar, kai ka zaɓa min shi.

Baba Mai Fitila muke ce maka, mu masu ɗaukar hoto, saboda kayan haske kake sayarwa a wani siririn shago da mutum biyu ba sa gilmawa a ciki sai ɗaya ya karkace. Na fara zuwa wurinka bayan rasuwar maigidana. Ya bar min kyamara da 'ya'ya uku, ni kuwa danna maɓalli kawai na iya. Na riga na yanke shawarar sayar da keken ɗinkina in sayi wata ƙatuwar fitila da na gani a rataye a shagonka, don a tunanina girman fitila shi ne kyan hoto.

Ba ka ko sauko da ita ba. Tambayoyi ka jero min: su wa zan riƙa ɗauka, bangon ɗakin da zan yi aikin wane launi ne, ina tagar ta kalla, ana yawan ɗauke wuta a unguwarmu ko a'a. Na ƙosa na ce, "Baba, ni fa fitila na zo saya."

Ka yi dariya ka ce, "'Yata, wannan ai gasa miki mutane za ta yi. Bar kekenki, mu je in ga ɗakin."

Da rana tsaka ka rufe shago ka biyo ni. Ka tsaya a tsakiyar ɗakin kana jujjuya tafin hannunka a hasken taga, kana kallon yadda inuwa ke tafiya a kai. Daga ƙarshe ka haɗa min ƙaramin filashi mai batir, na hannu ne amma lafiyarsa ƙalau, da farar laima ta tausasa haske, da ƙafar ƙarfe guda ta ɗora su. Maimakon allon mayar da haske mai tsada, ka aike ni wurin masu kayan mota na sayo shimfiɗar nan mai ƙyalli da direbobi ke tare rana da ita. Sannan ka zaunar da surukata a kujera, ka nuna min cewa baƙar fata ba ƙarfin haske take so ba, faɗinsa da taushinsa take so, kuma daga gefe. Tsohuwar ta daɗe tana kallon hotonta kafin ta ce, "Ashe haka nake?" Keken nan kuwa shi ya ciyar da mu a watannin da ba wanda ya leƙo neman hoto.

Har yau ina mamakin irin son saninka. Mama, matarka, ta taɓa ba ni labarin yadda kake ɗaukar hoton jarida ka ƙura wa idon mutumin ciki ido, kana neman ɗigon haske don ka gano inda aka kafa fitila. Ta ce, "Wani lokacin sai ya tsura min ido muna cin abinci, in ɗauka soyayya ce, ashe taga yake nema a idona."

Babban aikina na farko taron yaye ɗaliban koyon jinya ne. Da na ɓata shi, da ba wata makarantar da za ta sake kirana. Na je duba zauren tun kafin ranar, sai na ga matsala: silin ɗin ya yi nisa, ga shi an shafa masa baƙin fenti, alhali da shi na yi niyyar doka haske ya sauko a hankali. Nan take na kira ka. Ka zo a kan tsohon babur ɗinka, ka ɗaga kai ka duba, ka ce, "Wallahi ban sani ba. Mu gwada." Ban taɓa ganin mutumin da rashin sanin amsa ke faranta wa rai kamarka ba. Muka gwada wannan kusurwa, muka gwada waccan, mai gadi yana tsaya mana a matsayin ɗalibi, har ka gano farin bangon da ke kusa da ƙofa. Ka lallaɓa shugabar makarantar ta yarda aka mayar da teburin ba da takardun shaida can. Ranar taron, fuskokin yaran nan suka fito tas, har masu tabarau. Daga nan aiki bai ƙara yanke min ba.

Da na zo gaishe ka a asibiti, numfashi yana yi maka wuya, amma ka yafito ni da hannu. Na sunkuya ina zaton wasiyya ce. Sai ka nuna doguwar fitilar da ke saman gadon ka ce, "Kin lura tana mayar da fuskar masu jinyar nan kore-kore? Me ya sa ido bai damu ba, kyamara kuma ta damu? Zo da ita ranar Laraba mu gani."

Na ɗauko ta, Baba. Ita nake gogewa lokacin da wayar ta shigo.

Allah ya jiƙanka da rahama, ya gafarta maka kurakuranka, ya haskaka kabarinka, ya sa aljanna ce makomarka. Ina miƙa ta'aziyyata ga Mama, da 'ya'yanka da jikokinka, da duk masu ɗaukar hoton da ka taɓa mayarwa gida da ƙaramar fitila. Allah ya ba mu haƙurin rashinka, idan tamu ta zo ya sa mu cika da imani. Amin.