Ranar da na hana baban abokina shiga makaranta

Jama'a, wasu shekarun baya, ina makarantar kwana ta 'ya'yan manya, ni ɗan ƙauyen Tafoki da jarabawa ta kai ni can, aka ba ni jar hular firifet. Kai, ku ga tafiya! Ko takalmin makarantar ban gama sabawa da shi ba, amma ina ji kamar gwamna.

Ranar ziyarar iyaye aka ɗora ni a ƙofa, aka damƙa mani mabuɗin. Doka ita ce ƙarfe huɗu a rufe. A satin ake zaɓen shugaban ɗalibai, kuma na san malamai na kallona.

Abokina ɗan garin Sabuwa ne, gadonmu ɗaya, shi sama ni ƙasa. Tun safe yake leƙen ƙofa, wata uku bai ga kowa nashi ba. Huɗu da kwata sai ga babanshi, ƙura har gira, riƙe da ɗan buhu. Ya ce sai da motoci suka taru suka yi ayari sannan aka bari su taso, saboda hanya ba lafiya.

Maigadi ya ce mani, "Haba ɗan nan, minti biyar dai."

Na ce, "Baba, doka ce."

Baban abokina bai yi gardama ba. Ya ce, "To yaro, Allah shi yi albarka. Miƙa mashi wannan." Ya ɗaga ma ɗanshi hannu ta tsakanin ƙarafa, ya juya, don kar ayarin komawa ya bar shi.

Na zaci abokina zai zage ni. Wallahi da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Bayan la'asar ya jiƙa ƙanzo, ya barbaɗa ƙuli, ya turo mani kwano. Ya ce, "Ci. Ƙulli biyu ne a buhun. Baba ya sako takarda ya ce ɗaya naka ne, kai abokin nan nawa da nike ba shi labarinka. Bai san kai ne mai jar hular ba."

An ba ni shugabancin. Abokina bai taɓa faɗa ma babanshi ba, amma daga ranar ya daina ba ni labarin gida.

Har yau ina tuna cewa mabuɗin yana hannuna. Ba wanda ya hana ni buɗewa sai ni.