Ranar da Baba Ya Sha Shayi Mai Igiya

Ko na tsufa na fara rikita sunayen jikokina, ba na jin zan manta ranar da Baba ya sha shayi mai igiya a ɗakina.

Maigidana mai shayi ne a bakin tashar Batsari, kuma rabin cinikinsa na safe dattawan majalisar mahaifina ne. Su kuwa ganye ɗaya suka sani, na koren gwangwani mai hoton raƙumi. Kwatsam kamfanin ya daina yin sa, ya fito da sabo a cikin 'yan jakunkuna masu igiya. Babu irin tallar da ba su yi ba, daga rediyo zuwa mota mai lasifika ranar kasuwa, har 'yan mata suka bi gida-gida suna raba na ɗanɗano kyauta. Samari suka ruɗe. Baba kuwa ya faɗa a gaban jama'a cewa duk ranar da surukinsa ya kawo wannan abu mai kama da laya, shi da mutanensa sun bar teburin.

Abin mamaki, gwangwanin maigida ya ƙi ƙarewa. Ban gane dalili ba sai da na zo wanki na tarar da aljihunsa cike da guntayen igiya. Ashe farke jakunkunan yake yi yana zazzage su a tsohon gwangwani. Na tsorata ƙwarai, don na san halin mahaifina, na kuma san da teburin nan muke ci.

Wata rana da damina Baba ya taso daga gonarsa ta hanyar Wagini, ruwa ya yi masa dukan tsiya, dole ya fake a gidanmu yana rawar sanyi. Babu ganye a gidan sai na kyautar 'yan talla. Na jefa jaka biyu a buta na rufe, ni a dole mai wayo. Ina cikin tsiyayawa sai ga igiya da 'yar takardarta tana lilo a gefen murfi.

Baba ya kalle ta, ya kalle ni. Ya yi faɗa har ya gaji, sannan ya ce zai kurɓa sau ɗaya tak, don in ji daga bakinsa yadda abin ya lalace. Ya kurɓa, ya sake kurɓa, sai ya ajiye kofin a hankali.

"Ke, wanga ai shayin mijinki ne."

Na sunkuyar da kai. Ya tambaya tun yaushe, na ce tun kafin azumi. Wato duk watannin nan da yake ɗaga kofi yana kiran samari su zo su ji shayi na asali, mai igiya yake sha.

Ya sa aka kira maigida. Bawan Allah ya zo ya durƙusa yana zufa cikin wannan sanyi. Baba ya shanye sauran, ya miƙo mini kofin in ƙara masa.

"Gwangwanin nan ka riƙe shi da kyau," in ji shi. "In wani a majalisa ya ji maganar nan, ni da kai ne."

Har yau gwangwanin yana kan teburi, raƙumin ya goge saura wuya, Baba kuma yana nan yana kushe mai igiya kowace safiya da kofinsa a hannu. Ranar na gane cewa harshen mutum yakan karɓi sabon kaya tun kafin shi ya sani. Abin da yake yi masa wuyar bari shi ne sunan da ya riga ya yaba a gaban mutane.